Tubƙal, Kilimanjaro ko Dutsen Kenya: wanne mai ɗaukar hoto daga Maraɗi zai fara hawa a lokacin ɗari?

Ɗarin da mutumin Maraɗi ya sani shi ne na watan Janairu, in hunturu ya buso, leɓe ya tsage, a hura wuta a ƙofar gida bayan asuba, hantsi na yi a tuɓe rigar sanyi. Ma'aunin zafi bai cika sauka nesa da digiri 12 ba, garin kuma bai kai mita 400 bisa teku ba. Ƙwanƙolin dutsen da ya haura mita 4,000 sanyinsa ya fi kusa da na cikin firizar mai sayar da ƙanƙara, ga iska, ga numfashin da ba ya ƙosarwa. Mai kyamara yana zuwa da nasa ƙarin, don kayan aikinsa kilo uku zuwa biyar ne a kan na kowa, kuma shi ne ke zare safar hannu a lokacin da kowa ke ɓoye yatsu. Abu uku ke kayar da mutum a can sama: tsawo, sanyi da nauyin kaya. Dutsen da ya dace a fara da shi shi ne wanda bai haɗa maka su duka da ƙarfinsu a dare ɗaya ba.

Kafin a yi maganar dutse, a yi maganar jini, domin ita ce za ta iya rushe shirin gaba ɗaya. Sikila ta yi yawa a ƙasarmu, kuma mutane da dama suna ɗauke da rabinta, wato AS, ba su sani ba tunda ba ta taɓa kwantar da su ba. A sama iska tana raguwa: a mita 4,000 abin da huhu ke samu a kowane numfashi kusan kashi 60 cikin ɗari ne na abin da yake samu a bakin teku, a saman Kilimanjaro kuwa rabi ne. A irin wannan hali, in aka haɗa da gajiya da ƙishirwa, ƙwayoyin jinin mai AS suna iya lanƙwashewa su toshe saifa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Mai ciwon sikila kansa, wato SS ko SC, ba shi da abin yi a waɗannan duwatsu. Mai AS ya zauna da likita kafin ya sayi tikiti. Gwajin na rana ɗaya ne, kuma a duba yawan jini tare da shi, don wanda zazzaɓin cizon sauro ya zuƙe a ƙarshen damina bai kamata ya tunkari dutse a Disamba ba sai jinin ya dawo.

Ciwon tsawo kuwa bai san ƙarfi ba, yana kama ɗan kokawa ya bar tsoho. Yana farawa da ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci da rashin barci, yawanci sa'o'i shida zuwa goma sha biyu bayan an isa wuri mai tsawo. Ƙa'idar da likitocin dutse suka tsayar ita ce, daga mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya fi na jiya da sama da mita 500, kuma a huta kwana ɗaya bayan kowane kwana uku ko huɗu. In mutum ya fara haki yana zaune, yana tari mai kumfa, ruwa ne ya shiga huhu. In ya kasa tafiya a miƙe da dunduniya a bakin yatsa, ko maganarsa ta rikice, ƙwaƙwalwa ce ta kumbura. Duka biyun maganinsu sauka, mita 500 zuwa 1,000, nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai ƙwayar acetazolamide, wadda aka fi sani da Diamox, miligiram 125 safe da yamma, ana farawa kwana ɗaya kafin hawa. Tana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu, kuma likita ne zai rubuta ta. Maganin barci da tiramol a bar su a gida, suna rage numfashi a inda ake nemansa.

Duwatsun da ke kusa ba su daɗe a lissafi. Na Bagzan a Ayar, Idukal-n-Tagas, shi ne mafi tsawo a Nijar, mita 2,022. Wuri ne mai kyau na gwada takalmi da jakar goyo da kwanan sanyi, hasken safiyarsa ma ba a magana, amma ba zai koya wa jiki komai game da ƙarancin iska ba, kuma sai an tambayi mutanen Agadas halin hanya kafin a kama ta. Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419, shi ma haka. Dutsen Kamaru ya kai mita 4,040, sai dai ana hawansa daga garin Buea, wadda ba ta wuce mita dubu ba, a kwana biyu ko uku, wato tsalle mai yawa, kuma yankin na cikin rikici tun 2016. Ras Dashen na Habasha, mita 4,500 da ƴan kai, yana da birai gelada da ramuka masu ban tsoro da duk mai hoto zai so, amma yankin Amhara bai zauna ba tun 2023. Saura uku ke nan.

Tubƙal

Tubƙal yana cikin duwatsun Atlas na Maroko, mita 4,167, babu wanda ya kai shi a Arewacin Afirka. A cikin ukun shi kaɗai ne ke da lokacin sanyi na gaskiya: daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi, wani lokaci har ƙasa da mita 2,500. Ana tashi daga ƙauyen Imlil, kilomita sittin da ƴan kai kudu da Marrakesh, a tsawon kusan mita 1,750. Hanya ta bi ta Arumd, ta haura zuwa Sidi Shamharush, inda akwai wani farin dutse da ake ziyara a wajen mita 2,300, sannan ta kai masaukai biyu da ke jere a mita 3,200. Tafiyar sa'a biyar zuwa shida ce. Daga masauki zuwa ƙwanƙoli saura mita 960, sa'a huɗu zuwa biyar a kan dusa, dawowa biyu zuwa uku. Tun bayan kisan wasu mata biyu ƴan yawon buɗe ido kusa da Imlil a Disambar 2018, ba a hawa sai da jagora mai lasisi, kuma jami'an tsaro suna duba fasfo a hanya.

Abin da ya fi cutar da baƙi a Tubƙal shi ne yadda ake sayar da shi. Kamfanonin Marrakesh suna tallar kwana biyu: yau ka kwana a birni a mita 450, gobe ka kwana a 3,200, jibi da asuba kana sama. Wanda ya fito daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu ya karɓi wannan tayin, ciwon kai ya saya da kuɗinsa. Kwana biyar ko shida shi ne daidai. Dare biyu a Imlil ko Arumd, a yi yinin tsakiya ana hawa mashigar Tizi n'Mzik, kusan mita 2,500, a dawo. Rana ta uku a hau masauki. Rana ta huɗu ba a tunkarar ƙwanƙoli, a yi ta ne ana koyon tafiya a dusa a gangaren da ke kusa, a ɗan haura kwarin a dawo a sake kwana. Rana ta biyar a hau. Ta shida a ajiye ta saboda iska, don a Tubƙal iska ce ke hana hawa fiye da komai, kuma in sabuwar dusa ta zuba da yawa sai a ba ta kwana ɗaya ko biyu ta zauna, in ba haka ba tana zaftarewa daga gangare ta binne abin da ke ƙasa.

Ranar koyo ita ce ta bambanta Tubƙal da sauran biyun. Ana ɗaura wa takalmi wasu ƙarafuna masu haƙora goma ko sha biyu, jagororin can suna ce musu kirampon, a riƙe gatarin ƙanƙara da suke kira piyole. Duka ana hayarsu a Imlil, har da takalmin, amma a gwada ɗaurin tun a shago: kirampon ba ya zama a kan takalmi mai laushin tafi, yana suɓucewa a daidai inda ba a so. Ana tafiya da ƙafafu a ɗan ware, don haƙorin wannan ƙafa yana kama wandon waccan ya kifar da mutum, kuma ana dasa tafin ƙafa gaba ɗaya. Sai koyon tsayar da kai in an zame: a juya ruf-da-ciki, a danna bakin gatarin cikin dusa da nauyin ƙirji, a ɗaga ƙafafu. Sai an yi shi sau ashirin hannu ke riƙewa. A nan ne kyamara ke shiga tsakani. Wanda ya rataya ta a wuya tana lilo, ko ya ɗaura jakarta a ƙirji, ba ya ganin ƙafafunsa kuma ba zai iya kwanciya a kan gatarin ba. Wuri biyu ne ake mayar da ita cikin jakar goyo ba gardama: gangaren farko da ke saman masauki, wanda ke daskarewa kamar gilashi kafin rana ta fito, da ƴar siririyar hanyar da ke bin gefen dutse bayan mashigar Tizi n'Tubƙal, dab da ƙwanƙoli.

Abin da Tubƙal ke bai wa mai hoto shi ne rufin kwana. Masaukin gini ne na dutse, da abinci mai zafi, da wutar caji ta wasu sa'o'i, ko da yake kafofin ba su da yawa, mai ƴar mahaɗar wuta a jaka shi ne sarki. Alfadarai suna ɗaukar kaya har inda dusa ta fara, daga nan ƴan dako su karɓa. Jagororin suna jin Faransanci da Larabci, abinci ba sai an tambayi wa ya yanka ba, salla ba ta zama abin kallo. Rana gajera ce, sa'a goma ko kusa, kuma kwarin yana kallon arewa, don haka haske ba ya daɗewa a cikinsa. Amma tana tafiya ƙasa-ƙasa duk yini, inuwa doguwa, dusar na nuna kowane tudu da kwari. Daga sama, ranar da gari ya washe, ana hango dutsen Sirwa da hanyar Sahara ta kudu. A Imlil da Arumd a nemi izini kafin a ɗauki mutum, musamman mata. Yankin ya sha girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023, kuma ba kowa ke son a ɗauki gidansa ba.

Kilimanjaro

Kilimanjaro, mita 5,895, yana Tanzaniya, digiri uku kudu da tsakiyar duniya, don haka ba shi da ɗari irin na kalanda. Janairu da Fabrairu lokacin rani ne gajere a can, sama a buɗe, kuma sanyin da ake sha na tsawo ne kawai: zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi a kowane mita dubu. A Moshi, garin da ke gindin dutsen, kana gumi, a daren hawa ƙwanƙoli kana cikin digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifiri. Yawancin lokaci ba a bukatar kirampon ko gatari, tafiya ce kawai, shi ya sa ake ce wa mutane dutsen kowa da kowa ne. Maganar tana da gaskiya ta fuskar ƙafa, ta fuskar huhu kuwa yaudara ce.

Hanyar Marangu ta kwana biyar ita ce mafi araha, ita ce kuma ta fi mayar da mutane baya. Machame ta kwana bakwai da Lemosho ta kwana takwas sun fi, saboda suna riƙe mutum dare uku a tsakanin mita 3,800 da 4,000, da yinin da ake haurawa Lava Tower a 4,600 a sauko Barranco a kwana. Jiki yana samun lokacin sabawa. Duk da haka daren ƙarshe bai yi kama da sauran ba. Ana tashi daga sansanin Barafu, kusan mita 4,670, da tsakar dare, a hau mita 1,200 a kan tsakuwa cikin duhu, sa'a shida zuwa bakwai, jagora na ta cewa pole pole, wato sannu sannu. A isa Stella Point, a bakin ramin da ke saman dutsen, da fitowar rana, a ƙara kusan sa'a ɗaya zuwa Uhuru, ƙwanƙolin kansa. Ba a daɗewa, minti goma sha biyar ko ashirin, ga layin masu jiran hoto a gaban allo, sannan a sauko har mita 3,100 a wannan ranar. Sa'a goma sha biyu zuwa sha biyar a ƙafa.

Ga mai hoto ma'anar wannan ita ce wurin da ya biya kuɗi mafi yawa don ya gani, a nan ne ya fi kasa aiki. A rabin iska ƙwaƙwalwa tana yin nauyi, mutum ya manta ya duba ISO, wato saitin ƙarfin jin hasken kyamara, da ya bari tun daren jiya, ko ya ji ƙyashin buɗe jaka. Katangun ƙanƙarar da ke saman, waɗanda suka rasa fiye da kashi 80 cikin ɗari na faɗinsu tun 1912, sun cancanci sa'a guda da ƙafar kyamara a kafe, amma wanda ya fara zuwa irin wannan tsawo ba shi da sa'ar nan. Hotunan kirki suna fitowa ne a ƙasa, a filin Shira da yamma da kwarin Barranco. Wancan sanannen hoton kuwa, na giwaye da farin dutse a bayansu, daga gandun dajin Amboseli na Kenya ake ɗaukarsa, a ƙasa, cikin mota.

Babu wuta a sansanonin tanti, mako guda sai abin da ka zo da shi. Ƙurar dutsen laushi ce kamar toka, wanda ya saba kare kyamara daga hazon hunturu ya san aikin. Abin yabo shi ne ƴan dako: kowane mai hawa yana da uku ko huɗu, jakar da ake ba su ba ta wuce kilo 15, kuma ana iya ɗaukar wani daban ya riƙa bin ka da kayan hoto. Aikin da Ingilishi da Suwahili ake yi. Naman halal a faɗa wa kamfani tun kafin a biya. Tanzaniya ta hana shiga da leda tun Yunin 2019, kuma za a nemi katin rigakafin shawara.

Dutsen Kenya

Wannan shi ne wanda ba a cika ambata ba, alhali a ido ya fi Kilimanjaro nesa ba kusa ba. Manyan ƙwanƙolansa biyu, Batian mai mita 5,199 da Nelion mai 5,188, sai masu igiya. Na masu tafiya shi ne Lenana, mita 4,985. Amfaninsa ga mai hoto shi ne kana tsaye a Lenana manyan biyun suna gabanka, rana na fitowa ta bayanka tana dukan su, wato akwai abin ɗauka, saɓanin wanda ke saman komai yana kallon gajimare. Ana tashi daga garin Nanyuki, a shiga ta ƙofar Sirimon a mita 2,650, a kwana a masaukin Old Moses a 3,300, sannan na Shipton a 4,200. Wannan tsallen na mita 900 shi ne tarkon hanyar. A ƙara dare na biyu a Shipton, ko a tsaya a tsakiya. Daga Shipton ana tashi wajen ƙarfe uku na dare, sa'a uku zuwa huɗu an isa. A sauka ta Chogoria, inda tafkin Michaelson ke kwance a gindin wani rami mai zurfi, da wasu tsirrai masu kama da kabeji a kan gungume waɗanda suka fi mutum tsawo. Kwana biyar ko shida. Janairu da Fabrairu busassu ne, amma gajimare na tasowa kafin azahar, aikin hoto na safe ne. Ƙanƙara tana iya kwanciya a kan duwatsun ƙarshe, sai a yi hankali, amma dusa irin ta Tubƙal ba a yi maka alkawarinta.

Kyamara a cikin sanyi

Yawancin kyamarori an rubuta musu aiki daga sifiri zuwa digiri 40, masu tsadar zuwa 10 ƙasa da sifiri. Suna aiki ƙasa da haka, batir ne ke fara sarewa. Sanyi ba ya cinye cajin, hana shi fita yake, shi ya sa batirin da ya nuna ya mutu ke farfaɗowa in ya ji ɗumin jiki. A tafi da huɗu, ɗaya a kyamara, uku a aljihun ciki dab da fata, ana musanyawa, da dare kuma su kwana cikin jakar barci tare da waya da tocilar goshi. Kada a yi wa batir caji yana daskare, yana lalata shi. Batiran jabu sun cika kasuwa, kuma ana iya tona asirinsu tun a Maraɗi: a cika su, a ƙulle a roba mai murfi, a sa a firiza sa'a ɗaya, a gwada. A jirgi batira da fawa-banki suna jakar hannu, iyakar kowanne Wh 100. Mai mAh 20,000 kusan Wh 74 ne, ya wuce lafiya. A Tubƙal fawa-banki ɗaya ta isa, a Kilimanjaro biyu.

Abin da ya fi kashe kyamara a Tubƙal shi ne ɗumin masauki. Ka shigo da ita daga sanyi cikin ɗaki mai tururin shayi da numfashin mutum arba'in, nan take raɓa ta kwanta mata ciki da waje, kamar kwalbar lemo da aka fito da ita daga firiji. In aka sake fita da ita haka, raɓar ta daskare a cikin gilashi. Tun a waje ake cire kati da batir, a sa ta a jaka a zuge, a bar ta sa'a biyu kafin a buɗe. Kada a hura wa gilashi iska da baki, a yi amfani da ƴar robar hurawa.

Kyamara in ta ga fari da yawa sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta mayar da dusa ruwan toka. A ƙara mata haske mataki ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a duba histogiram, zanen da ke nuna yawan hasken hoto, kada ya manne da bangon dama, a ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da ba a matse ba, don inuwar dusa shuɗiya take fitowa, sai an gyara. Matatar da ke duhunta sama a sassauta mata, a wannan tsawo tana mayar da sama kusan baƙa, gefe ɗaya ya fi ɗaya. Taurari kuwa, gilashi mai faɗi kamar mm 20, f/2.8, daƙiƙa 15, ISO 3200, daga nan a gyara. Hotuna su zauna a kati ko SSD; faifan ajiya mai juyawa ba a yi shi don aiki sama da mita 3,000 ba.

Nauyi shi ne inda son zuciya ke shiga. Jikin kyamara giram 700, gilashin 24-105 wani 700, batira 300, ƙafa uku ta tafiya kilo 1.3, tarkace 400: kusan kilo uku da rabi ke nan. Ƙara ruwa lita biyu, babbar rigar sanyi, abinci, da kirampon da gatari kusan kilo ɗaya da rabi, an kai tara ko goma. Dogon gilashi na 70-200 ya tsaya a masauki ranar hawa, ƙafa ukun ma haka sai in an yi niyyar jiran fitowar rana. Canza gilashi a cikin iska da yatsun da ba sa ji, ta nan murfi ke gangarawa kwari. Safar hannu biyu ake sawa, siririya a ciki wadda ba a cirewa ko za a danna maɓalli, da mai kauri a waje ɗaure da igiya a wuyan hannu. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi a bar shi gida: a Maroko kwastan na karɓe shi in babu izini, a gandun Tanzaniya da Kenya ma sai da takarda.

Tufafi kuma, auduga ce abokiyar gaba. Tana shan gumi ta riƙe, ana tsayawa ta koma sanyi a jiki. Na ciki ya zama na roba ko ulu, sai mai laushi a tsakiya, sai mai tare iska a waje. A dilar gwanjo ana dacewa da waɗannan da araha in an san abin da ake nema, amma takalmi da tabarau ba a yi musu rowa. Dusa tana mayar da kusan kashi 80 na hasken rana cikin ido, yini ɗaya ba tabarau mai lamba 4 ya isa ya sa ido ya kumbura kamar an zuba yashi. Baƙar fata ma tana ƙonewa, leɓe da ƙasan hanci ke fara nunawa.

In aka ɗora ukun a sikeli, Tubƙal ne na farko, da sharaɗin kwana biyar ko shida. Tsawonsa bai kai na sauran biyun ba, ranar hawansa sa'a shida ce zuwa takwas, akwai gini da wuta, kuma in abu ya ɓaci Imlil na ƙasa a yini ɗaya. Kuɗinsa ma haka: jagora da masauki da abinci da hayar ƙarafuna ba su cika wuce yuro 400 ba, kusan jaka 260 na sefa, ga jirgin Royal Air Maroc kai tsaye daga Yamai zuwa Kasabalanka, sai jirgin ƙasa na kusan sa'a uku zuwa Marrakesh. Kilimanjaro da kamfanin kirki ya haura dalar Amurka 2,000, fiye da sefa miliyan ɗaya, ban da jirgi ta Adis Ababa da alherin ƴan dako wanda ya zama kamar wajibi. Wanda gwiwarsa ko zuciyarsa ba ta kwanta da tafiya a kan dusa mai santsi ba, ya ɗauki Lenana. Kuɗinsa na tsakiya ne, hotonsa na gaba. Kilimanjaro ya jira sai jiki ya nuna yadda yake yi a mita 4,000. Ko wanne aka zaɓa, inshorar ta ambaci tsawon dutsen a rubuce, don da yawa suna tsayawa a ƙasa da haka.

Maraɗi ba ta da tudu, amma tana da yashin Gulbi da rani da matakalar bene. Wata uku kafin tafiya, jaka mai kilo goma a baya, da takalmin da za a hau da shi in an riga an saya, sau uku a mako a matakala, hawa da sauka, don saukar ce ke cin gwiwa. Ranar hutu kuma sa'a huɗu zuwa shida a yashi. A sa safar hannu a riƙa sarrafa kyamara a cikin duhu har yatsu su haddace maɓallan.

A duba kalanda kuma. Azumi yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yanzu ya shigo tsakiyar lokacin hawa: na 2027 zai kama wajen 8 ga Fabrairu, na 2028 a ƙarshen Janairu. Matafiyi yana da rangwame, amma jiki na bukatar ruwa lita uku zuwa huɗu a yini a can sama, kuma jagororin Imlil da ƴan dakonsu su ma masu azumi ne, ba kyau ka sa su aikin da kai ka ajiye naka azumin dominsa. Tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu ya fi sauƙi a waɗannan shekaru. Alwala da ruwan da ke daskarewa a bakin buta kuwa, in ana tsoron cuta taimama ta halatta, kuma duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya haddace cewa ana yin ta a kan ƙasa da dutse da salji, wato dusar ƙanƙara, tun bai san mene ne saljin ba.